Garwashin da Na Kai Filin Jirgi

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Na manta sunan malamar da ta koya mana baƙi da wasali a ajin yaƙi da jahilci, na manta launin zanen da aka kai ni ɗaki da shi, jiya ma sai da na birkice gado ina neman carbina alhali yana wuyana. Amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na sa mutanen filin jirgin saman Kano tari ba, babba da yaro, har da wani Bature guda.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce a lokacin, don ku san daga tsayin da na faɗo. A unguwarmu ta Madaki, nan cikin Gombe, in ana maganar gashin nama, to maganata ake yi. Ni ba mai yawo ba ce. Daga ɗakina sai madafa, daga madafa sai gindin katanga inda muke hira da maƙwabta. Amma suna ko biki, ko Sallar layya, sai ka ji ana sallama: a gaya wa Goggo an kawo cinyar rago. Kowa Goggo yake ce mini, har waɗanda suka girme ni.

Kaskona na ƙasa ne, mai faɗin baki, mai kauri, da 'yar ragar ƙarfe da maƙeri ya yanka daidai bakinsa. Gawayi kuwa ban yarda da kowanne ba sai na ƙirya. Nauyi gare shi, in ka gwara biyu sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Ba ya tartsatsi, ba ya saurin cinyewa. Wuyar kamawa gare shi, in kuwa ya kama, to ya kama. (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Ba na ɗora nama sai garwashi ya yi furfura, wato farar toka ta lulluɓe shi. Sai in tura yawancinsa gefe guda, in bar kaɗan a ɗaya gefen, nama ya sha zafi a nan, ya je ya huta a can. Ma'aunina bayan hannuna ne. In shimfiɗa shi a saman ragar in fara karatu a zuci. In na janye tun ban gama bisimilla ba, wuta ta yi yawa, sai in barbaɗa toka. In na kai ƙarshen Fatiha hannuna yana nan, ta yi sanyi, sai in ɗauko mafici. Tsakiyar Fatiha, nan ne wutar gashi. In kitse ya ɗiga harshen wuta ya tashi, ba na firgita, matsar da naman nake yi in bar ta ta gama fushinta.

Abu ɗaya ne ba na yi, shi ne ruwa. Mace ta yayyafa wa garwashi ruwa a gabana, to ta faɗi a idona har abada. Ruwa yana tayar da toka ta baɗe nama, yana fasa kasko, yana lalata gawayi. Ni binnewa nake yi, binnewar ma iri biyu. Akwai ta sama-sama, wadda za ka tone da safe ka sami wutar kunu. Akwai kuma ta kisa: a tula toka, a danne, a kife murfi, garwashi ya rasa numfashi ya mutu a mutunce, gobe ka tone gawayinka baƙi ƙirin ka sake mora.

Mutum ɗaya ce a duk unguwar ba ta yarda da wannan ilimi nawa ba. Maman Rifkatu, maƙwabciyata, 'yar Tangale ce daga wajen Kaltungo, mijinta ma'aikacin reluwe. Katanga ɗaya muka haɗa, gajeriya, in na tsaya ina ganin abin da ke tukunyarta. Kirsimeti ni ke gasa mata kaji, Sallah ita ke taya ni wanke hanji. Ita in ta gama girki, kwano guda na ruwa take kwara wa murhu.

"Ni dai, Goggo, wutar da ban ji ta ce cuuu ba, ban yarda ta mutu ba," in ji ta.

"Shi ya sa kullum kike sayen gawayi," in ce mata.

To, a shekarun nan ne, bayan yaƙi, da aka daina fam da sule aka koma naira, ma'aikatan gwamnati suka fara sayen rediyo mai kaset da babur, 'yata ta fari ta haihu a Ikko, wato Legas. (Ba zan faɗi sunanta ba. Mu ba mu saba kiran sunan ɗan fari ba, ko yanzu da na tsufa bakina ba ya ɗauka.) Mijinta ma'aikaci ne a can. A al'ada gida ya kamata ta zo ta haihu, ta yi wankan jegonta a gabana, amma likita ya ce ba ta hau mota ba. Labarin haihuwar ya iso mana a makare, tare da tikitin jirgin sama da surukin nawa ya aiko wani abokin aikinsa da shi. Jirgin yamma ne daga Kano, ranar jajibirin suna. In na hau shi, da ni za a raɗa suna. In ban hau ba, yarinyar nan za ta yi sunan farinta babu ko mutum ɗaya daga gidansu.

Malam, maigidana, ya juya tikitin nan gaba da baya, ya dube ni.

"Ke da ko Kumo in za ki sai kin kwana kina sallama da kaji, ke ce za ki hau sama?"

Na ce masa saman ai ba ita ce damuwata ba. Damuwata me maijego za ta ci. Maijego gasasshen nama take so da yaji mai kyau, da kunun kanwa. Ni kuwa na ji an ce a Ikko ba su san komai ba sai kifi da manja, girki ma da kananzir suke yi. Ina za a sami ƙirya a garin da ruwa ya kewaye? Saboda haka na yanke shawara ni kaɗai: zan gasa nama a nan in tafi da shi, in kuma tafi da kaskona da ragata da gawayina, in ci gaba da gashi a can.

Ranar tafiya, ana idar da sallar asuba na hura wuta. Cinya biyu da haƙarƙari na gasa, a hankali, gashin tafiya, wanda ake bari ya tsane sosai. Ban taɓa gashi mai kyau kamarsa ba, wannan kam ko a gaban alƙali zan maimaita. Da na sauke, garwashi ya rage fiye da rabi, manya-manya, ko cinyewa ba su fara ba. Maman Rifkatu tana tsaye a katanga da butarta.

"Kawo in kashe miki, ki juye, ki ɗebi sabo a buhu."

"Wannan ya riga ya ga wuta, ya fi saurin kamawa. Ki ajiye butarki."

"Goggo, jirgi fa za ki hau."

"Jirgin ai ba a cikin kaskona zai zauna ba."

Na yi masa binnewar kisa. Na tula toka, na danne da bayan ludayi, na kife wani tsohon murfin langa. (Murfin yana da 'yar huda a gefe inda tsatsa ta ci. Na gan ta. Na san da ita tun shekarun baya. Ranar dai ban ga kamar ta isa a kula ta ba.) A ƙa'ida sai an bar shi ya wuni kafin a taɓa. Ni kuwa mota na jirana a ƙofa. Na shimfiɗa bayan hannuna, na ji shiru, na naɗe kaskon a tsohon buhu, na zaunar da shi a gindin babbar fanteka. Na jera sauran kaya a gefe da sama: nama a cikin kwanonsa, gwangwanin yaji, kanwa, daddawa, man shanu, wuƙata, da tsinkayen ƙarfe. Na rufe, na ɗaure da zane.

Manu ne zai kai ni, ƙanin Malam, direban motar haya. Tun ina amarya muke tsokanar juna da shi; Adda yake ce mini, yayan nasa kuma Hamma. Ya ɗaga fantekar ya yi nishi.

"Adda, ƙaura za ki yi ne? In Hamma ne ya sake ki, ki faɗa mini, ɗakina da wuri."

"Ɗakin naka da ko akuya ba za ta yarda ta kwana ba? Sa a bayan mota, ka bi a hankali."

Mun bi ta Dukku muka ɓulle Darazo. A Birnin Kudu muka tsaya sallah, ya buɗe bayan motar zai ɗauko buta, sai na ga ya tsaya yana shinshina.

"Adda, ƙauri nake ji."

"Ƙamshin nama ne. Hancinka bai saba ba."

Da muka isa filin jirgi na ɗora fantekar a kai, na ji ɗumi yana ratsa gammo. Na ce a raina, zafin mota ne. Ku duba fa: matar da ke auna wuta da bayan hannu, ga wuta a tsakiyar kanta, ta ce zafin mota ne.

Wurin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Daɓe yana sheƙi kamar an shafa mai, wata murya tana fitowa daga rufi da Turanci, mutane suna ta sauri ba mai gaida wani. Aka ɗora akwatina a sikeli, aka manna masa takarda, aka wuce da shi. Aka ce in kawo fantekar ma, na rungume ta na ce wannan a hannuna za ta tafi. Daga nan sai wani dogon layi, a ƙarshensa tebur, ana kwance kayan kowa. Na tambayi Manu ko sata aka yi.

"A'a. A ƙasashen waje ne wasu ke shiga jirgi da makami, in an tashi su ce a juya a kai su inda suke so. Shi ya sa yanzu ake duba kowa."

"Har da mata?"

"Har da masu fanteka."

Shi ba a bar shi ya wuce ba, ya tsaya bayan wani ƙarfe yana hangena. A bayana akwai wani alhaji cikin farar babbar riga, sai duba agogo yake yi. Bayansa wata Bayarabiya mai ɗaurin kallabi kamar rumfa, sai Baturen nan da zafi ya mayar ja. A kusa da teburin an kafa wata fanka mai tsayi, tana juya kai dama da hagu kamar mai neman wani.

Mai binciken mata wata 'yar siririya ce cikin kaki, Hausarta ta Kano tsantsa.

"Hajiya, sauke mu gani."

(Ban je Makka ba a lokacin, amma ban gyara mata ba. Wannan ne kawai abin daɗin da ya same ni a ranar.)

Na kwance zane, na buɗe. Ta fara da wuƙa. Ta ɗaga ta, ta dube ni.

"Ta yankan nama ce," na ce.

"Ba a shiga da ita." Ta ajiye gefe. Ta zaro tsinkayen ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, su ma gefe. Ta buɗe ƙullin daddawa ta yi saurin rufewa. Ta ɗauki kanwa tana jujjuyawa kamar ba a gidansu aka haife ta ba, sai da na gutsura na lasa a gabanta. Ta ɓalle murfin gwangwanin yaji ta leƙa, ta yi atishawa, ta ajiye shi a buɗe a bakin fantekar. Alhajin baya ya yi tsaki.

"Baiwar Allah, kasuwa za ki buɗe a jirgin ne?"

"Jego za ni, Alhaji," na ce, ban ko waiwaya ba.

Sai ta kai ga buhun. Ta fito da shi da hannu biyu ta ɗora a tebur, ta warware. Ta ɗaga murfin langa. Ga kaskona, ga toka a kwance lumui.

"Mene ne wannan?"

"Kasko. Gawayi ne a ciki."

Ta taɓa gindinsa. "Hajiya, da ɗumi fa."

"Zafin mota ne, 'yar nan. Daga Gombe muke."

"Kin tabbata babu wuta?"

To, a nan ne da na yi shiru, ko na ce ban sani ba, da wataƙila an kai shi waje an juye an ba ni kaskona. Amma an taɓa ni a inda ba a taɓa ni. Yarinyar da na tabbata ko ƙwai ba ta iya soyawa ba tana tambayata ko na san mataccen garwashi. Na gyara mayafi. Na juya, ba ita kaɗai ba, har mutanen layi na haɗa. Na yi musu bayanin binnewa iri biyu. Na gaya musu tun kafin a haifi wannan yarinya nake kashe wuta ba da ruwa ba. Na ce a je Gombe, unguwar Madaki, a tambayi ko yaro ne wace ce Goggo. Sannan na ce bari ku gani da idonku. Na shimfiɗa bayan hannuna a kan tokar, na karanta Fatiha a fili, tun daga bisimilla har ƙarshe, ban janye ba. Wasu a layin, da ba su san abin da ake yi ba, suka ce amin suka shafa.

"Kin gani?" na ce mata. "Ko sanyin kabari sai haka."

Ta ɗauki ɗaya daga tsinkayen nawa ta soka a tokar, ta tona. Baƙin gawayi ya fito. Ta sake tonawa, wani baƙin. Ina murmushi. Ta zura can ƙasa ta juyo wani babba. Daidai nan fankar nan ta juyo da kanta.

Toka ta tashi. Abin da ke ƙarƙashinta ya buɗe ido. Ja wur, kamar yanzu na hura shi. Na kwana na tashi da wuta shekara da shekaru, ban taɓa ganin garwashi mai lafiya irin wannan ba. Da a gida ne, tsakiyar Fatiha ne cif.

"Wuta!" Yarinyar ta yi tsalle baya. Gwiwar hannunta ta doki gwangwanin yaji, ya kife a cikin kaskon.

Wanda bai taɓa shaƙar hayaƙin barkono ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Yajin jego ne fa, na daka shi da kaina, ban yi masa rowar barkono ba, ga citta ga masoro ga kanumfari. Fankar kuwa ta ɗauki aikin rabo, ta kai dama, ta kai hagu, ba ta bar kowa ba. Alhaji ya fara, Bayarabiya ta karɓa tana kiran sunan Allah da yarensu, Bature ya durƙusa yana dukan ƙirji. Layi ya watse. Wata mata ta suri ɗanta ta yi ƙofa. Muryar rufin nan ma, da ta fara magana, sai na ji ta sarƙe. (Manu ya ce wannan ƙari na yi. Ni dai na ji.)

Sai ga wani ɗan sanda a guje da jan bokiti. Na ga ruwa yana tangaɗi a ciki. Abin da ya kamata in yi shi ne in matsa. Abin da na yi shi ne na tare gabansa, na riƙe bakin bokitin da hannu biyu, ina tari ina hawaye, na ɗaga murya yadda duk zauren ya ji:

"Kada ka zuba masa ruwa! Ƙirya ce!"

Ya dube ni kamar ya ga mahaukaciya, kuma ban ga laifinsa ba. Ya fizge bokitin ya kwara. Na ji cuuu ɗin Maman Rifkatu, sannan na ji ƙas. Kaskona ya rabe biyu. Baƙin ruwa ya bi tebur ya sauka a kan farar rigar Alhaji tun daga ƙirji har ƙafa.

Aka wuce da ni wani ofis, ni da fantekata da gutsattsarin kasko a cikin bokiti. Aka shigo da Manu. Shugaban masu binciken wani dattijo ne mai furfura a gemu, idanunsa sun yi ja, yana ta share su da hankici. Bai yi mini tsawa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Hajiya, kin san da me jirgi yake tashi?"

"Da ikon Allah."

"Da ikon Allah da mai. Fikafikan nan biyu da kike gani, cike suke da mai."



Manu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, wallahi ba ta taɓa fita ba. Yau ne farkonta. 'Yarta ce ta haihu, gobe suna. A yi mata rai."

"Na ji. Amma ta hana ɗan sanda kashe wuta a gaban jama'a. Sai babbanmu ya zo ya ji da bakinta."

Babban nasu ya tafi sallah, daga sallah kuma ban san inda ya biya ba. Ofishin yana da taga mai kallon fili. Ina zaune na ga an buɗe ƙofa, mutane sun kwasa a guje zuwa jirgi, don a lokacin in ba ka yi gudu ba sai ka tarar kujeru sun cika. Na hango Alhaji da baƙin zane a gaban riga, yana gaba. Na hango kallabin Bayarabiya. Aka janye matakala. Abin ya yi ta kuka har tagar tana rawa, ya juya, ya tafi da akwatina.

Dattijon ya bar ni na gama kallo, sannan ya ce, "Ni abu ɗaya nake so in sani. Me ya hana ki zuba masa ruwa tun a gida?"

Na ce, "Yana lalata gawayi."

Ya dube ni, ya dubi bokitin. Ya tashi ya fita ya ja ƙofa. Muna jin dariyarsa a baranda, tana haɗuwa da tari.

Da babban ya zo bai ɗau lokaci ba, ya ce a sallame ni, kada a sake ganina da kasko. Manu ya yi ta zirga-zirga ko za a samu wuri a jirgin safe, aka ce a cike yake, na bayansa ma haka. Muka kwana gidan wani abokinsa a Fagge, da safe ya kai ni tasha ya sa ni a jirgin ƙasa. Yana miƙo mini fantekar ta taga ya ce, "Adda, wannan jirgin ba ruwansa, ko murhu kika hura ba mai kula ki." Ranar ce kaɗai ya taɓa cin nasara a kaina.

A jirgin ƙasa aka yi sunan, ina zaune tsakanin wani mai buhunan albasa da wata mata mai kaji. Da na lissafa lokacin da ake raɗawa, sai na buɗe kwanon naman, don na ga ba zai kai ba a wannan zafi. Na rarraba wa mutanen taragon. Suka ci, suka yaba, mai albasa ya ce da akwai yaji da ya fi. Na ce masa yajin yana Kano.

Surukina ya tare ni a tasha. Tsakanina da shi akwai kunya, ba ma haɗa ido. Ya durƙusa ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ni ina kallon gefe, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Manu ya riga ya buga masa waya a ofis, bai rage komai ba. Muna isa ƙofar gidan da suke haya, me zan gani? Wani mutum a gindin bishiya da buhunan gawayi, a gefensa mai tsire yana fifita wuta. Na tsaya na ɗauki guda biyu na gwara. Suka yi ƙara kamar ƙarfe. Na tambayi mai gawayin daga ina, ya ce shi mutumin Bajoga ne.

Yarinyar tana ɗaki a zaune, ta yi fes. Wata maƙwabciyarsu Inyamura, Maman Ngozi, ita ta riƙe ta tun ranar haihuwa, tana gasa mata jiki da ruwan zafi, tana ɗura mata farfesu mai yajin da ya kusa kai nawa. Na gode wa matar har na rasa kalma. Aka miƙo mini jaririya, aka ce sunana ta ci. Na karɓa ina duba 'yan yatsunta don kada in ɗaga kai. Maijegon ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Da ɗakin ya rage mu biyu sai ta ce, a hankali:

"Dada, jiya tun safe nake kallon ƙofa."

Na tashi na tambayi inda madafa take, na dama mata kunun kanwa. Kanwar dai ta iso.

Da na gama kwanakina na dawo Gombe (ta jirgin ƙasa, ba sai kun tambaya ba), na tarar labari ya riga ni har wajen masu kayan miya. Malam bai ce komai ba sai, "An ce kin yi wa mutanen Kano addu'a." Maman Rifkatu kuwa ta zo ta yi mini barka da sannu da hanya, ta tambayi maijego, ta tambayi jaririya, ba ta ko ambaci wuta ba. Washegari na sayo sabon kasko. Na gama gashi ke nan ina shirin tula toka, na ɗaga kai, sai ga butarta a kan katanga, cike, ita kuma ta shige ɗaki. Haka ta riƙa yi mini har suka yi ritaya suka koma Kaltungo.

Har yau bayan hannuna ne ma'aunina, kuma har yau bai taɓa ƙona mini nama ba. Abin da na gane kawai shi ne, hannu labarin saman toka yake kawowa, na ƙasa sai an tona. Na kuma gane in mutum zai yi kuskure, gara ya yi shi da ƙaramar murya, ba sai ya tara jama'a sun ce amin ba. A gida ina nan da binnewata. Amma in tafiya ce, ko Kumo za ni, sai na ji cuuu da kunnena kafin in sa takalmi. Gawayin yana lalacewa, wannan ban janye ba. Ina dai zubawa.